Yarinyana Yana Ciki

Guruf ɗinmu na masu gyaran waya ne na Jimeta. An buɗe shi don in ka rasa sikirin ko wani fayil ka tambaya, wani ya taimaka. Amma gaskiya faɗa muka fi yi. Mun rabu biyu: 'yan dalma, masu buɗe waya su bi bod da ƙarfe mai zafi, da mu 'yan filashin, masu jona waya da laftof mu goge komai mu zuba mata sabon tsari. Kowane ɓangare yana ganin ɗayan jahili ne.

Lokacin shekarata ashirin da biyu. Ina da tebur a bakin kasuwa, da laftof ɗin da na saya na hannu, kuma na fi kowa baki a guruf. Shekarun nan ne da ake caje mutum da na'ura kafin ya shiga kasuwa, in taya ta fashe kowa ya watse. Gari ya cika da waɗanda suka gudo daga rikici. Kowa a wuya yake, kuma a waya muke saukewa.

Mace ɗaya ce a cikinmu. Madam muke ce mata. Ibo ce, amma a Demsawo aka haife ta, can shagonta yake. 'Yar dalma ce, kuma ta iya, ko a lokacin na sani. Sati ɗaya kafin abin, ta gyara min wani kuskure a gaban kowa, aka yi ta tura min sitika na dariya. Na riƙe ta a rai.

Akwai kuma wani dattijo ɗan Borno, muna ce masa Bappa. Cikin masu gudu ya zo. Caja da iyafis yake sayarwa a kan faranti, wani ya saka shi a guruf don mu riƙa sayen kaya a wajensa. Bai taɓa cewa komai ba sai wata safiya. Ya turo hoton wata tsohuwar waya da ta maƙale a kan tambarin kamfani, ya rubuta:

"Salam. Wayana ya tsaya a nan baya wucewa. Yarinyana yana ciki. A taimaka."

Wani ya amsa nan take: "Bappa, yarinya a cikin waya? A kira 'yan kwana-kwana su ciro ta."

Wani ya ce, "Yana ciki ko tana ciki? A fara gyara Hausar tukuna."

Mu da rabinmu haka muke magana a gida. Na yi dariya ni ma. Na ɗauka hoton yarinya ne a fuskar wayar, ban sake tunani a kai ba.

Madam ta turo saƙon murya. "Baba, kar ka bari a yi filashin fa. A fara canza batir. Ka kawo min, zan duba."

Ina ganin ita ce, sai na rubuta, "Filashin ne. Minti ashirin. Wanda bai da laftof kullum batir zai ce."

"Filashin zai share komai," in ji ta.

"Madam, ki koma suyar ƙosai, ki bar wa masu aiki aiki."

Shi ke nan wuta ta kama. 'Yan filashin suka bi bayana, 'yan dalma biyu suka tsaya mata. Kafin awa ɗaya ba a maganar batir. Wani ya ce su da suka zo cin arziki garin mutane ba za su koya mana sana'a ba. Wani daga can ya ce ai mu muka kawo wa gari bam. Aka shiga uwa, aka shiga uba, aka shiga addini. Ina cin shinkafa da hannu ɗaya ina rubutu da ɗaya, kuma wallahi daɗi nake ji. Saƙon Bappa ya yi sama can, babu mai komawa ya duba.

Abu na ƙarshe da Madam ta rubuta shi ne, "Ask am wetin dey inside first. Ku tambaye shi abin da ke ciki mana."

Na tura mata sitika na akuya.

Admin ɗinmu, wanda muke ce wa Hamma don ya girme mu, ya shigo ya ce a yi haƙuri, guruf na sana'a ne. Sai ya cire Madam. Ita ɗaya ce, mu muna da yawa, cire ta ya fi sauƙi.

Bayan azahar Bappa ya zo tebur ɗina da farantinsa a kai. Ya sauke, ya ciro wayar daga cikin leda biyu.

"Ɗana, kai ne mai minti ashirin?"

"Ni ne, Bappa."

"Na ga kowa yana bayanka. Na ce to kai ne ka sani."

Na ba shi benci. Na jona wayar. Na ɗauko tawa na fara bidiyo don guruf, ina surutu, ina cewa 'yan dalma su zo su ga aiki. Layin da ke nuna ci gaban aikin ya cika a laftof. Wayar ta mutu, ta kawo, ta wuce tambarin, ta buɗe fes kamar yau aka saye ta. Ko minti ashirin ba a yi ba. Na tura bidiyon.

Bappa ya karɓa da hannu biyu yana ta sa min albarka. Ya fara dannawa. Ya shiga nan, ya fita, ya shiga can. Ya daɗe.

"Ɗana, ina wajen murya?"

"Wace murya?"

"Na yarinyana."

A nan ya faɗa min, a tsaye, mutane suna wucewa. Shekararta bakwai. Wata rana tana biya karatunta a tsakar gida, ta yi kuskure, ta fashe da dariya, ta sake daga farko. Ya ɗauka a waya. Ranar da mahara suka shigo garinsu yana kasuwa, ita tana gida. Bai samu ko gawarta ba. Ba shi da hotonta. Minti ɗaya da wani abu ne, in ji shi, kullum bayan asuba yake saurara sau ɗaya, ba ya ƙarawa, don kar ya gajiyar da wayar.

Na ce akwai memori a ciki? Babu. A cikin wayar kanta muryar take.

Na ce ya bar min ita. Kwana uku ina gwada duk manhajar dawo da fayil da na sani, da waɗanda ban sani ba. Babu abin da ya fito. Rana ta huɗu na hau keke zuwa Demsawo.

Madam tana kan wani bod, ba ta ɗago ba.

"Mai laftof. Ƙosai ka zo saya?"

Na ajiye wayar, na faɗa mata komai. Ta kashe ƙarfen. Ta jona, ta duba, ta daɗe fiye da yadda nake zato, har na fara sa rai.

"Ka rubuta sabo a kan tsoho," ta ce. "Ya tafi."

"Da ma batir ne matsalar?"

"Ban sani ba. Wataƙila batir, wataƙila ba shi ba. Yanzu ba mai sani." Ta turo min wayar. "Zagin ba komai, na saba. Amma na ce ku tambaye shi. Layi ɗaya ne."

Na ce zan sa Hamma ya mayar da ita guruf. Ta ce in bar shi.

Na kai wa Bappa wayarsa a inda yake zama. Na so ya zage ni. Ya mayar da ita cikin ledojin nan biyu, ya ɗaure, ya ce, "Allah ya karɓi mai muryan, yanzu ya karɓi muryan. Je ka, ɗana." Da yamma na ga ya fita daga guruf. Babu wanda ya lura. Ana can ana yaba bidiyona, wani har ya ce a tura wa Madam ta koyi aiki. Bayan wasu watanni na daina ganinsa a kasuwa, wai ya koma wajen 'yan'uwansa a Ngurore.

Yanzu ina da shago a Bekaji, guruf yana nan, har yau ana faɗa. Bara ina kwashe tsofaffin fayil zuwa sabuwar waya na ci karo da bidiyon. Na sa iyafis na kunna. Ga muryata a sama, ina ta cika baki. A ƙasa, daidai lokacin da na kai hannu zan danna, akwai wata murya daga kan benci. Sau biyu ya faɗa.

"A hankali, ɗana. Yana ciki."

Na mayar baya na sake ji. A fili take, ko hayaniyar kasuwa ba ta rufe ta ba. Taku ɗaya ne tsakanina da shi ranar.

Ban goge bidiyon ba. Na kwafe shi wuri uku.