Noelene, Kin Tafi da Sirrin Kunnena

Ranar Talata sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, na sauke 'yan makaranta ke nan na ajiye bas, sai Col Trethewey ya kira ni. Bai ja magana ba. Ya ce, "Merv, ta tafi." Matarsa Noelene ta cika a asibiti a Nowra bayan jinyar wata takwas, tana da shekara sittin da bakwai. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Noelene, yau kwana tara da binne ki, amma har yanzu ban yi miki kukan kirki ba, domin fushi ya tare wa hawayen hanya.

Duk mai tsohuwar mota ƙirar Kombi daga Ulladulla har Eden ya san garejinki. Shekara talatin da ɗoriya kina sa wa motocin nan rediyo da lasifika, kuma ba ki taɓa huda ƙarfen ko ɗaya ba. Ƙananan akwatuna kike haɗawa da katako, ki maƙale su ƙarƙashin kujera ko a jikin ƙusoshin da motar ta zo da su. Idan wani ya matsa a yanka masa ƙofa don ya sa ƙatuwar lasifika, sai ki ce, "Ƙofar da ta yi shekara hamsin lafiya, ba ni zan zama ajalinta ba. Ga hanya nan."

Aikinki bai san gaggawa ba. Kikan zaunar da mai mota a sitiyari, ki sa ya hau babban titi, inji yana ruri a baya, iska tana shigowa ta ko'ina, ke kuwa kina durƙushe kina matsar da lasifika da salatif, nan da can, har sai kin ga fuskarsa ta saki. Sannan ki zana wuraren a jikin kwali, ki yi aiki da shi, ki jefa shi a wuta. Kin ce babu kunne biyu masu ji iri ɗaya, don haka kwalin wani ba zai yi wa wani ba. Na tuna wasu tsofaffi mata da miji daga Perth da wayoyin motarsu suka ƙone ranar Kirsimeti. Kika bar abinci a kan tebur kika shiga ƙarƙashin motarsu, Col yana ta kai musu shayi, har suka kwana uku a gidanku. Haka kike, bakinki da kaifi, hannunki a buɗe.

Motata ce aikinki na ƙarshe, a watan Yulin bara. Ba mu yi nisa a kan titi ba kika yi min magana daga kujerar fasinja ta hagu, ban amsa ba. Kika sake, shiru. Sai kika ɗaka min duka a kafaɗa kika ce in tsaya.

"Merv, tun yaushe kunnen nan ya mutu?"

Na ce wane kunne.

"Kai tsoho, ni za ka yi wa wayo? Sau biyu ina zaginka ba ka rama ba."

Nan na faɗa miki abin da ko 'ya'yana ban faɗa wa ba. Shekarun da na yi a injin yanka katako sun cinye kunnena na hagu, ina kuwa ɓoyewa don tsoron kada a karɓe bas ɗin makarantar nan, wanda shi kaɗai ke fitar da ni daga gida tun rasuwar matata. Ba ki yi min wa'azi ba. Kika tattara sautin duka ɓangaren dama, lasifika ɗaya kusa da gwiwata, ɗaya a bayan kafaɗata, hagu kuwa babu komai. Ranar na ji kiɗa cikakke bayan shekara goma sha. Ciwo ya kwantar da ke a makon, shi ya sa wannan kwalin bai shiga wuta ba, ya tsaya a rataye a bangon gareji.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Gavin Strudwick, sakataren ƙungiyarmu ta masu tsofaffin motoci, yana da nasa shagon sa rediyo, kuma ya daɗe yana cizon yatsa ganin mutane suna wuce ƙofarsa su zo gare ki. Kina kwance ya zo wai taya Col gyara gareji, ya fita da kwalin a hammata. A zatonsa asirin aikinki ya samu. Ya liƙa takarda a shagonsa wai yana aiki da tsarin Noelene. Shi kuma ba mai haƙurin haɗa akwati ba ne, duk inda ya ga kin zana da'ira sai ya sa injin huji ya fafe ƙarfe. Mota tara ya yi wa haka.

Koke ya fara. Kan direba kamar zai fashe don ƙara, matarsa a hagu ba ta jin komai sai kukan inji, ga ramuka a jikin motar da babu waldar da za ta mayar da su yadda suke. Da aka taso masa, sai ya langaɓe kai ya ce, "Ni fa tsarinta na bi don girmamawa. Baiwar Allah, magani ya taɓa mata kunne tun kafin ta kwanta." Magana ta zaga. Mutanen da suka sha shayinki shekara da shekaru suka fara cewa ai dama Noelene ta tsufa, aikinta na baya-bayan nan ba shi da kyau. Na yi ta musu da su, amma da fatar baki kawai, domin ban san daga ina ɓarnar ta fito ba.

A watan Fabrairu Dulcie Marchbank, ɗaya daga cikin taran, ta tare ni a bakin tashar jiragen ruwa.

"Merv, don Allah shigo ka ji bala'in da aka yi min."

Na zauna a sitiyarinta, ta kunna. Sauti ya zubo min tas, kamar a motata. Na ce, "Ai wannan garau yake."

"Garau? Kai kurma ne?"

Na duba gwiwata, ga rami. Na waiwaya bayan kafaɗa, ga wani. Ashe kwalina Gavin ya bi.

Daga nan asibiti na nufa. Na same ki kin rame, amma bakin yana nan. Ina gama bayani kika yi dariya har tari ya sarƙe ki.

"Sai yanzu ka gane, sarkin sauri? Ni tun motar farko na sani."

"To me ya hana ki faɗa? Suna can suna cewa kin kurmance!"

"In ce me? In ce kwalin na Merv Dunstan ne, na zana shi saboda kunnensa ya mutu, gobe a raba ka da bas? Ni tafiya zan yi, kai ke da sauran zama. Ka bar Gavin da halinsa."

Amma na ga idonki lokacin da kika juya wajen taga. Abin ya ci ki, Noelene. Sunan da kika gina da gwiwa a ƙasa shekara talatin, kika bari aka taka shi saboda ni. Ni kuma na koma gida na yi shiru mako uku, ina tuƙa bas ɗina, ina cewa gobe zan yi magana, har goben ta ƙare. Wannan kunyar tawa ce, zan ɗauke ta har kabari.

Ranar jana'izarki Gavin ne ya zo da furanni mafi girma. Ya rungume Col, ya share ido, ya ci kek har yanka uku, ina kallonsa. Yanzu kuma wai shi zai karanta jawabin tunawa da ke a taron ƙungiya, Lahadi ta farko a watan Afrilu.

To ki yi haƙuri, ban taɓa saɓa miki ba sai yau. Ba zan bar shi ba. Ga shi na rubuta kowa ya karanta: ni Merv Dunstan ba na ji da kunnen hagu, kwalin da Gavin ya sace nawa ne, Noelene kuwa da jinta garau ta koma ga Mahaliccinta. Jiya na je na faɗa wa mai bas ɗin da bakina. Ya karɓi makulli, ya ce sai abin da likita ya ce. Wataƙila na yi tuƙina na ƙarshe, kuma ban yi nadama ba. Na kira mutum taran nan ɗaya bayan ɗaya, duk za su zo. Za mu jera motocinsu, tawa a tsakiya, mu buɗe ƙofofi, Col ya faɗi wanda ya shiga gareji. Sannan mu ba Gavin lasifika ya karanta jawabinsa. Rana dubu ta ɓarawo, ta mai kaya saura mako biyu.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Col, da 'yarku Bronwyn, da jikokinku biyu. Allah Ya ba ku haƙuri da juriyar wannan babban rashi, ku kuma yafe min jinkirina. Noelene, Allah Ya ji ƙanki, Ya gafarta miki, Ya rufa miki asiri a can kamar yadda kika rufa min a nan, Ya sa kin huta. Shi kuwa Gavin, abu ɗaya nake roƙa masa: Allah Ya kai shi Lahadin nan da rai da lafiya.