Jan Katin Ofelia Barraza

Shekara ashirin da shida Ofelia Barraza ta yi tana haɗa idon makami mai linzami a wata masana'anta da ke kudancin birnin Tucson. Idon nan shi ke hango zafin injin jirgin sama, ya bi shi har a kakkaɓo shi. Duk wanda ta gama sai ta buga masa hatiminta, kuma ba a taɓa dawo mata da ko ɗaya ba. Sai dai akwai ta da riƙo. Ko mijinta, Allah ya ji ƙansa, ya sha a jikinsa.

Dokar ɗakin aikin sananniya ce: ba a taɓa ido sai an ɗaura waya a wuyan hannu, wadda ke zuƙe 'yar wutar lantarkin da ke taruwa a jikin mutum. A busasshiyar iskar garin, wutar da ba za ka ko ji ta ba tana iya lalata ido, kuma ba lallai a gane ba sai ranar harbi. Duk wanda ya ga an karya dokar, ko mai shara ne, yana da ikon tsayar da aiki ya liƙa jan kati da sunan mai laifi.

Sai aka kawo sabon shugaban sashe, Dwight Kessler, ɗan ƙwalisa mai agogon da ba ya so waya ta goge. Wata safiya ya ɗauki ido daga teburinta haka nan, yana jujjuyawa.

"Yallaɓai, wayarka fa?" in ji Ofelia.

"Haba Iya, digiri biyu gare ni. Ke za ki koya mini lantarki?"

Ta yi masa kara, ba ta liƙa kati ba. Bayan wata biyu aka harba makamin a filin gwaji, ya wuce jirgin da aka sa masa, ya je ya kafa kai a yashi. Aka bi lamba, sai ga hatiminta. Kessler ya ce shi bai tuna komai ba, amma ya lura ganin tsohuwa ya fara rauni. Ji marar kunya! Aka karɓe hatimin, aka mai da ita tura akwatuna.

Abin ya ƙona mata rai. Ƙara kuwa, wa zai yarda da ita? Ta samu jan kati guda ta soke a aljihu, wata bakwai tana yawo da shi.

"Ki bar shi da Allah," in ji Norma Yazzie, ƙawarta ta teburin kusa.

"Na bar shi da Allah, amma ina nan a bakin ƙofa."

Ranar da manyan sojoji suka zo duba aiki, ta shigo da akwati ta tarar da Kessler a gabansu yana zuba kamar kanya. A teburin Norma akwai ido, aikin sati uku. Ofelia ta ga hannunsa ya miƙa, ba waya. Kalma ɗaya ta isa ta hana shi. Ta ja bakinta ta tsuke, har yatsunsa suka kama.

"A tsaya!" in ji Ofelia da ƙarfi.

Ta tako a hankali, ta liƙa katin, ta rubuta sunansa da manyan baƙaƙe.

"Iya, don Allah mu je ofis," in ji shi ƙasa-ƙasa, gumi na karyo masa.

"A nan ka taɓa, yallaɓai."

Wani kanar ya tambaye ta ko ya saba yin haka. Ta zayyana masa komai, har rana da lambar makami. Kafin ƙarshen wata bincike ya wanke ta, masu gadi suka raka Kessler waje da kwalin kayansa a hannu.

A ɗakin cin abinci, Norma ta ture abincin da Ofelia ta miƙo mata.

"Yaya, kin gan shi tun bai taɓa ba."

"Na gan shi."

"Aikina na sati uku aka jefar."

Ofelia ta kurɓi kofinta.

"Wallahi ko na shekara uku ne, sai na bari ya taɓa."