Tsohon Ɗan Jarida a Gonar Ilu

Wai kun ga tsohon nan ɗan Bangaladesh a bakin kogin Haɗejiya? Siriri ne, gemu ja da lalle, ya naɗe wando har gwiwa. Direbansa ya ce tsohon ɗan jarida ne, har jakada ya yi. Ilu, wanda ruwa ya cinye wa shinkafa, yana jin haka ya bi shi da gudu.

"Alhaji, don Allah ka sa mu a labarai! Ciyawar kachalla ta toshe kogi, ruwa ya dawo mana gona."

Tsohon ya shiga ruwan, ya tuge shinkafar, yana shinshina saiwar kamar manomi. Wannan ba a ofis ya koya ba, wallahi su ma ruwa ya taɓa cinye musu gona. Ya yi magana a hankali, direba ya fassara:

"Ya ce ta ruɓe. Wai tun yana saurayi yake rubuta ambaliyar ƙasarsu, manya su karanta su yaba masa Turanci, shi ke nan."

Tsohon ya bar Ilu a tsaye, ya shige mota da ƙafa duk laka.

Jama'a ku tura gaba, tunda mai jaridar ma ya gaji.