Ja Ce, Ba Baƙa Ba

Duk taron marubutan da aka gayyace ni, tambayar ɗaya ce: "Hajiya, waɗanne littattafai da finafinai ne suka ja ki zuwa rubuta labaran bincike?" Ina da amsar da na haddace, kuma ba ƙarya ba ce. Nakan ba su labarin gidan kawuna a Sabon Garin Jega, inda na zauna na yi sakandare. Yana da bidiyo da wani janareta mai ƙarar tsiya, ran Juma'a da yamma sai a sa mana kaset. Sauran 'yan mata waƙa da rawa suke jira. Ni kuwa wanda ke tsaye bayan jarumi yana murmushi nake sa wa ido, don na lura shi ne kan soka wuƙar daga ƙarshe. Nakan kuma ambaci littattafan 'yan sandan ciki da wata malamarmu ke ara mini, wasu shafin ƙarshe ma ya yage, sai in zauna in gano mai laifin da kaina. A nan na koyi binne hujja a tsakiyar zance, na kuma koyi zargin mai rawar jiki wajen taimakon mai bincike.

Sai a tafa mini in zauna. Amma wallahi rabin amsar ke nan. Sauran rabin yana garinmu Gumbin Kure, a bakin wutar kakata Inna Kulu.

Inna Kulu guntuwa ce, ba ta yarda da kowa. In ka ce ka wanke hannu, sai ta kamo ta shinshina. Lokacin sanyi, da an yi sallar Magariba takan hura wutar kara a ƙofar ɗakinta, mu jikoki mu kewaye ta. Tatsuniyoyinta mun haddace su tsaf, har in ta sauya wani abu mukan yi caa mu gyara mata. Da gangan take yi, don ta gane wa ke gyangyaɗi. "Lawali bai gyara ba," in ji ta, "a watsa mai ruwa." Lawali yayana ne, sarkin barci.

Ina shekara tara abin ya faru. Babanmu ya yaɗa irin albasa a fadama, ya kewaye da dangar ƙaya, saura kwanaki a fara dashe. Albasar nan ita ce abincinmu na shekara. Wata rana na kai masa fura, ya sha, ya ce zai wuce masallaci, in na tashi in ja ƙyauren dangar. Sai na hango Hajjo tana ɗaga mini hannu. Hajjo ƙawata ce, ɗiyar Buba, makiyayin da rugarsu ke bayan fadamar. Na ruga wajenta, ƙyaure a buɗe. Ashe awakinmu sun biyo ni tun daga gida. Ina juyowa na ga jar akuyarmu ta sa kai, sauran na bin ta, amma wasa ya yi daɗi, na ce yanzu zan je in koro su. Kafin in je sun gama aiki. Na kora su, na ja ƙyaure, na kama bakina.

Da Baba ya ga ɓarnar, sawun ƙananan bisashe ya gani, kuma ta nan garken Buba ke bi zuwa ruwa. Bai tsaya tambaya ba. Ya je rugar, ina biye da shi, ya zazzaga masa magana gaban iyalinsa, ya kai ƙara wajen mai gari, aka sa ranar zama. Buba ya rantse, ba wanda ya saurare shi. Samarin unguwa suka fara cewa in ba a tashi rugar ba su za su tashe ta. Kwana uku ina jin wannan, ina son in faɗi gaskiya, amma tsoron bulalar Baba ya fi ƙarfina.

A rana ta uku Inna ta hura wuta da wuri. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta daɗe a kan Lawali.

"Ga wata nan tahe, sabuwa ful," ta ce.

"Ta iso mu ji ta!"

Ta ce wai wani manomi ne ya ɗauki kurege gadin lambunsa. Kurege na zaune sai ya ji kiɗa a bayan tudu, ya ce bari ya leƙa ya dawo. Ya bar ƙofa a buɗe. Awakin manomin suka taho a jere, suna tafe suna shawara. Inna ta riƙa kwaikwayon muryoyinsu muna dariya, har ni, na manta da kaina.

"Sai baƙar akuya ta ce, ni ka shiga hwarko. Tas sa kai..."

"Ja ce!" na yi tsalle na ce. "Inna, ja ce, ba baƙa ba!"

Ba wanda ya taya ni. Nan take na tuna wannan tatsuniya sabuwa ce, ba mai abin gyarawa a cikinta.

Inna ba ta ɗaga murya ba. Ta tura kara cikin wuta.

"Ke kuwa, Balki, ina kinka gan ta?"

Na fashe da kuka. Ta kori sauran, ta ce mini tun ranar ta ji warin albasa a bakin akuyar, ta gaya wa Baba, ya ce ai ɓawon da aka zubar ta ci. "Na san bisashenmu na," ta ce, "wanda yab buɗe musu na ban sani ba. Ni Lawali nika zato. Ashe ke ta, 'yar nema." Ba ta ƙarasa tatsuniyar ba, ba mu taɓa jin ƙarshen kuregen nan ba.

Da safe ta tsayar da ni gaban Baba na faɗa da bakina. Bai dake ni ba, kansa kawai ya sunkuyar, kuma da dukan ya yi da ya fi mini sauƙi. Inna ta kama hannuna muka nufi rugar, Baba na bin mu a baya.

Muka tarar da fili. Turakun maruƙa na nan, duwatsun murhu na nan, tokar ma da ɗumi. Sun tashi kafin gari ya waye.

Na ce, "Inna, mu koma, ba kowa."

"Hwaɗa musu," ta ce.

"Ba su nan, Inna."

"Na ce hwaɗa musu."

Na tsaya tsakiyar kashin shanu na ɗaga murya na ce ni ce, ni na bar ƙyaure, ba Baffa Buba ba ne. Baba ya juya mana baya yana goge ido da bakin rigarsa.

A littattafaina mai laifi kan yi suɓutar baki, gaskiya ta fito a kan kari, a saki wanda aka kama bisa zalunci. Masu karatu kan yaba, su ce na iya shirya tarko. Tarkon na Inna Kulu ne. Abin da na ƙara nawa shi ne isa da wuri, don a takarda ni ke da iko da lokaci. Baba ya yi cigiyar Buba a Maiyama, ya yi a Aliero, ba wanda ya san inda suka dosa. Ya rasu bai ba shi haƙuri ba. Hajjo kuwa, in tana raye, har yau abin da ta sani shi ne mutanen gidanmu sun kira ubanta maƙaryaci, ni kuma ina tsaye ban ce komai ba.