Ma'ajiyar goron Yaaba ta kama aiki

Jama'a, yau na yi abin da ba a taɓa yi ba a gidanmu!

Gobe zan gabatar da ekispoze, wato jawabi a gaban aji, kan mikro-ond, na'urar ɗumama abinci, kuma malami ya ce ba bidiyo, ba maki. Kun san na kakata Yaaba, wanda kawu ya kawo mata daga unguwar Cissin. Shekara uku ba a taɓa jona shi ba. Na buɗe, sai ga goro da sukari cike! Wai nan ne kawai tururuwa ba ta shiga.

Ta ce, "Maigida, rufe min! Wutar da ba hayaki ba ni cin abincinta."

Ni da ba na iya musu, yau na tsaya. Na ba ta tarihi: wani injiniya yana aiki da na'urar rada mai gano jirage, cakulan ya narke a aljihunsa, daga nan aka ƙera mikro-ond.

Ta ce, "Ya narkar da alewa a aljihu, hanjina fa?"

Na ce minti biyu kawai nake roƙo. Ta turo tuwon jiya a kwanon ƙarfe. Na ce ƙarfe tartsatsi yake yi, na juye a tangaran. Na kwashe goro da sukari, na saka tuwon, na kunna, ina ɗauka da waya, ita tana bayan ƙofa tana salati.

Ƙararrawa ta buga. Tururi! Ta gutsura, ta tauna.

"Ɗumamen da ba ƙanzo! Ƙaro miya."

Bidiyo ya samu. Goro kuma tuni ya koma ɗakinsa.