Matattun da Suka Zaɓi Honarabul

Honarabul ɗinmu bai hau kujerar majalisar jiha da ƙuri'ar masu rai kaɗai ba. Matattu ma sun yi masa aiki, kuma ba a taɓa jin sun nemi ko sabulu ba.

Na san shi tun yana da shagon fotokofi a bakin titin Samaru. Mahaifina, tsohon mai buga tafireta a jami'a, shi ya koya masa tsara wasiƙa. Daga shago ya zama kansila, daga kansila ya ɗinka babbar riga ya ce sai Kaduna.

Dabararsa guda ce: gaisuwar mutuwa. Ba a yin rasuwa daga Samaru har Muchia bai je ba. Zai tuɓe takalmi, ya zauna a tabarma, ya sunkuyar da kai. Da an shafa fatiha sai ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Allahu akbar. Makon jiya marigayi ya kira ni a waya, ya ce kada in janye, talakawa na jira na." In mamacin Kirista ne a Sabon Gari, anko yake sawa ya shiga coci ya faɗi maganar nan da Turancin buroka. Wa zai ƙaryata baƙo a wurin makoki? Mai ƙaryata shi ɗaya ne, shi kuma an riga an binne shi.

Baba ya ji wannan labari sau uku a kan mutum uku, ɗayansu ma kurma ne. Honarabul ya ci zaɓe, ya shiga majalisa ya yi gum, aikinsa ɗaga hannu. Kwatar layinmu da ya rantse zai gyara ta ci gaba da shigo mana tsakar gida duk damina. Wata rana muna kwashe ruwa da bokiti, Baba ya miƙe ya dube ni.

"Kai, ji nan da kyau. Ban tara komai a duniya ba sai bakina. Ranar da na mutu, kada ka bar mutumin nan ya sa min magana."

Dariya na yi. Shi bai yi ba.

Ba a daɗe ba shanyewar ɓarin jiki ta kama shi, ta tafi da harshensa. Shekara biyu Baba bai furta kalma ba, ruwan sha ma da ido yake nema. Duk unguwa ta sani, ban da Honarabul, don bai taɓa leƙowa ba.

Baba ya rasu ana saura wata guda a sake zaɓe. Ranar sadakar uku sai ga motoci. Honarabul ya tattare babbar riga ya tsallake kwatar da bai gyara ba, ya zauna kusa da ni. Aka shafa. Ya yi ajiyar zuciyar nan tasa.

"Allahu akbar. Makon jiya Baba ya kira ni a waya…"

Liman ya zuba wa carbinsa ido. Kawuna ya matse min gwiwa, wato in yi shiru. Ni mutum ne mai kunya, ko canjina direban keke ya riƙe ba na iya magana. Amma ranar zuciya ta zo min wuya.

"Ranka ya daɗe," na ce, "ƙarasa mana. Faɗi duk abin da ya ce, kada ka rage komai. Mu shekara biyu ke nan muna neman jin muryarsa."

Da gatse na so maganar ta fito, sai ta fito da kuka. Honarabul ya waiga ya dubi mutanensa. Wani a cikinsu ya yi wuf ya ce, "A ƙara fatiha!" Suka tashi, aka dire buhun shinkafa a zaure. Kawu ya wanke ni tas, wai na ci mutuncin baƙo a kan tabarmar ubana.

Honarabul ya sake cin zaɓe, har a akwatinmu. An ce a makon nan ma wani mamaci a Zabi ya kira shi. Wannan bai ƙona min rai ba, na cika wa Baba alkawari.

Abin da ban yafe masa ba daban ne. A ranar sadakar ukun nan, da la'asar, mahaifiyata ta sa aka kira ni ɗakin da take takaba. Labari ya shiga cikin gida rabi da rabi.

"Wai Malam ya yi masa magana?"

"Ƙarya ce, Inna."

"Na sani," ta ce. Ta murza bakin hijabinta. "Amma me ya ce ya ce?"