Diskin da Ya Ƙi Jin Maganar Baba

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har da waɗanda bai kamata in manta ba, amma mako biyun da na yi ina kai da kawo tsakanin Parakou da Djougou saboda wani ɗan ƙarfe da bai kai tafin hannuna girma ba, wannan kam ba zai taɓa fita daga raina ba.

Danginmu gida biyu ne. Kakannin kakanninmu tagwaye ne, fataken goro, ɗaya ya zauna a Djougou, ɗaya ya gangaro Parakou. Sunayensu na yanka sun ɓace, laƙabi kawai aka riƙe, don haka kowane gida yake cewa nasa ne ya fara fitowa duniya. Kada ku ɗauka wasa ne. A kan wannan maganar ake rigimar wanda zai zauna gaba a ɗaurin aure, kuma na san mata biyu da suka shekara huɗu ba sa gaisawa saboda ita. Ni ɗan gidan Parakou ne, a unguwar Titirou aka haife ni.

Wata rana sai ga saƙo daga dattijon gidan Djougou, wanda duk muke kira Baba. Ya haura tamanin, kuma shi kaɗai ya rage cikin waɗanda suka ji tarihin daga bakin manya. Ya ce in zo da na'ura in ɗauki maganarsa kafin ƙasa ta rufe masa ido. Ni aka zaɓa domin ina buga takardun lodi a wani ofishin manyan motoci a unguwar Gare, kuma a wurin danginmu duk wanda ke taɓa kwamfuta ya gama sanin duniya. Ni ma a lokacin haka nake ganin kaina.

Kwamfutata ta hannu ta cika maƙil, ba wurin bidiyo. Na kai ta wurin wani mai gyara ɗan Najeriya da ke kusa da ofishinmu, wanda muke ce wa Injiniya. Ya ce ai abin mai sauƙi ne: a cire ma'ajin CD, tunda ba mai amfani da shi yanzu, a zura wani ɗan akwati mai suna kadi a gurbinsa, a sa diski na biyu a ciki. Ya yi hakan a gabana. Da farko diskin bai fito ba, ya shiga nan ya shiga can, ya yi masa fomatin, ya ba shi harafin D, sai ga shi.

"Malam, ka je ka ɗauki tarihin duniya gaba ɗaya," in ji shi. "Ba zai cika ba."

Ranar Asabar da hantsi na isa Djougou. An fito da tebur tsakar gida, Baba ya zauna a kujerarsa, 'yan gida sun kewaye mu. Ƙanwarsa, Gwaggo, tana gefe tana tsince shinkafa. Na ɗora kwamfuta a kan teburin, na haɗa kyamara, Baba ya fara. Ya kawo ayarin goro, ya kawo jakuna da zango-zango, har ya iso ranar da aka haifi tagwayen. Nan muryarsa ta canza. Ya ce, "To wannan maganar sau ɗaya zan faɗe ta. Wanda ya fara fitowa..." Ya daki tebur. Kwamfuta ta yi ƙara, bidiyo ya tsaya.

"Baba, tsaya!" na ce. Na duba, diski na biyu ya ɓace kamar ba a taɓa sa shi ba, kuma abin da muka ɗauka ya lalace.

Na kashe na kunna, na jujjuya ta a hannu, sai ga D ya dawo. Na ba Baba haƙuri, ya sake ɗaukowa tun daga jakuna. Minti arba'in muka yi lafiya lau. Yana isowa kan tagwaye, a daidai kalmar nan, abin ya sake mutuwa. Sai babban ɗan Baba, direban tirela mai saurin fushi wanda nake kira Yaya, ya tambaye ni cikin sanyin murya, "A ina ka sayi wannan diskin?"

"A Parakou, Yaya."

Ya gyaɗa kai, ya dubi jama'a. "To kun ji."

Na yi dariya, amma ni kaɗai na yi. Wani ya ce a bar na'urar, Baba ya faɗa da baki kawai. Baba ya ƙi. Ya ce in ba a ɗauka ba gobe kowa zai ƙara mata gishiri, shi kuma ba zai kasance nan ya gyara ba.

Na koma Parakou raina a ɓace. Injiniya ya shiga saitin cikin na'urar da yake kira bayos, diski na nan. Ya kwafa masa finafinai yini guda, ko gezau. Ya nuna mini wani ɗan maɓalli a jikin kadin mai matsayi uku, ya ce wataƙila shi ne, ya matsar da shi. Ya ce wataƙila kuma batir ne, wasu kwamfutoci sukan yanke wa gurbin CD wuta in ba a jona su ba. Ni dai na rubuta komai a takarda kamar mai karɓar magani.

Kafin in kai gida labari ya riga ni. Na tarar da baffannina zaune a ƙofar gida fuska a sake. Ɗaya ya ce, "Ashe har na'urar Nasara ta san gaskiya!" Wani ya sa aka kawo kwamfutar ya shafa bayanta, ya ce Allah ya yi mata albarka. Na yi ta bayanin batir da maɓalli, ba wanda ya saurare ni. Abin da ya fi ba ni kunya yanzu shi ne, can cikin raina na ɗan ji daɗi.

Asabar ta biyu na koma da doguwar waya, na jona ta da wuta, na sa mata fanka don kada a ce zafi ne. Jama'a sun ninka na farko, har da maƙwabta. Baba ya sake ɗaukowa daga jakuna, wasu har sun haddace suna taya shi. Ya iso kan tagwaye. Kwamfuta ta mutu.

Daga nan kowa ya zama masani. Wani ya ce Baba ya faɗa da Faransanci tunda na'urar Faransanci take ji. Wani ya ce a gwada yaren Dendi. Wata tsohuwa ta ce a lulluɓe kyamarar don kada ta gane a Djougou take. Sai Yaya ya ce a yi gwaji a gaban kowa. Na tayar da diskin. Ya sa ni na ce "Parakou ne babba." Na faɗa a hankali, kwamfuta ta ci gaba da aikinta. Shi kuma ya matso, ya ce "Djougou ne babba!" ya nausa tebur. Nan take ta yi ƙara ta tsaya.

Mutane suka ɗauki salati. Yaya ya ce ai da ma turo ni aka yi. Da hayaniya ta lafa, Baba ya dube ni.

"Ɗana, sau uku ina buɗe bakina kana rufe mini. Saura ɗaya. In ta sake, zan tafi da maganata kabari, ku ci gaba da haukanku."

Wannan maganar ta tsorata ni fiye da fushin Yaya. A zuwa na uku na ɗauko Injiniya da kansa, baffannina biyu kuma suka biyo mu, wai za su tsare mutuncin kwamfuta. Injiniya ya baje sukundireba a kan tebur, ya yi ta zancen bairos da direbobin na'ura, har Yaya ya ce shi ma direba ne kuma bai yarda da wannan sharrin ba. Ana cikin haka Gwaggo ta ajiye farantinta ta matso.

"Kai ɗan nan, wannan abin na gefe, aljihun tebur ne?"

"A'a Gwaggo, disk dur ne, ba za ki gane ba."

"To ni dai na ga duk sanda yayana ya daki tebur sai ya ɗan leƙo waje. In ka ɗaga ta kana jujjuyawa kuma sai tafin hannunka ya mayar da shi. Tun zuwanka na farko nake gani."

"Gwaggo, me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Wa ya tambaye ni? Ku ne masu boko."

Injiniya ya sa farce ya ja kadin, sai ga shi ya zaro ba wata gardama. Ya kifa kwamfutar ya leƙa. Ashe akwai wani ɗan kunnen ƙarfe a bayan tsohon ma'ajin CD, wanda ake cirewa a ɗaura wa kadi don sukuru ya kama shi. Yana can Parakou cikin kwalin tarkacensa. Sukurun kuwa yana ɗaure tam, bai riƙe komai ba. Gwaggo ta yago murfin kwalin sukari ta ninke, Injiniya ya cusa a gefe, ya bi da salatif. Baba ya gwada ta, ya daki tebur sau uku da ƙarfi. D bai motsa ba.

Ya ɗauko daga jakuna karo na huɗu. Ya iso kan tagwaye. Ya daki tebur ya ce, "Wanda ya fara fitowa, babu mahalukin da ya sani! Uwarsu ta ɗaura wa na farkon zare a hannu, kwana uku zaren ya tsinke a ruwan wanka. Ita kanta ta rasu ba ta san wane ne wane ba. Ubana ya faɗa mini, ya ce in rufe. Na rufe shekara sittin ina kallonku kuna gaba a kan zare."

Baffana ɗaya ya dubi Yaya, Yaya ya dube shi. A karon farko a rayuwata na ga gidajen nan biyu sun yarda da abu ɗaya, domin a wajen cin abinci na ji su suna raɗa wa juna cewa tsufa ya fara taɓa Baba. Amma daga ranar ban sake jin an tayar da maganar a wani taro ba. Baba ya rasu bayan damina biyu, kuma kowane gida yana da bidiyon.

Abin da na koya shi ne, in abu ya lalace, in fara duba ko yana zaune daidai a mazauninsa kafin in nemo masa babban dalili. Kuma in tambayi wanda ke zaune a gefe yana kallo, ko da ina ganin ba zai gane ba.